Kyamara a zaman gyaran hali: jan hankali ga masu kula da kangararrun matasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a wannan jarida domin mu ja hankalin masu aikin gyaran tarbiyyar matasa a kan wata dabara da wayar hannu ta kawo ta kusa da kowa, wato a ɗauki bidiyon zaman tattaunawar da ake yi da yara a rukuni, daga baya a kunna musu su kalli kansu. Muna magana ne da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da malaman ba da shawara na makarantu, da ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri, da jami'an gidajen horon yara, da masu cibiyoyin raba matasa da shaye-shaye masu zaman kansu, waɗanda kullum ƙaruwa suke yi a garuruwanmu.

Ba abin mamaki ba ne da suke ƙaruwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi mu'amala da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Gidajen bostal, wato gidajen horon kangararrun matasa, na gwamnatin tarayya da aka daɗe da sani kuwa uku ne, Kaduna da Ilori da Abekuta. Uban da ɗansa ya gagare shi duk inda aka ce masa akwai magani nan zai nufa, kuma kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa cikin Satumban 2019, lokacin da suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari. To yanzu mari da sarƙa sun ja baya, amma tunanin da ya haife su yana nan, wato a ƙasƙanta yaro har sai ya karaya. Tsoronmu kada kyamara ta zama sabuwar dorina.

Domin abin da ya fara faɗo wa mutum a rai ke nan: a ɗauke shi yana tangaɗi, yawu na dalala, ko yana ɗura wa mahaifiyarsa ashar, in ya dawo hayyacinsa a nuna masa, ko kunya ta sa ya daina. An riga an gwada wannan tun kafin a haifi yawancinmu. A 1971 wasu masu bincike a wani asibitin gwamnati na jihar Kalifoniya ta Amurka, Schaefer da Sobell da Mills, suka wallafa sakamakon ɗaukar mashaya giya a bidiyo suna cikin maye, da nuna musu bayan sun wartsake. Da yawa daga cikin waɗanda aka nuna wa hoton suka ƙi ci gaba da shirin, kuma ba a ga shan ya ragu ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna da mai shaye-shaye. Ba ƙarancin kunya ke damunsa ba, kunyar ce ma ta yi masa katutu, kuma ya san maganin da ke kwantar masa da ita cikin minti goma. Ka ƙara masa kunya, ka ƙara masa dalilin komawa wurin dila. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Waɗanda suka ci ribar bidiyo ta wata hanya suka bi. Tun a shekarun 1960 Frederick Stoller, shi ma a Kalifoniya, ya lura cewa kunna wa rukuni dukan faifan zaman ɓata lokaci ne, sai dai jagora ya tsamo ɗan guntun da ke da ma'ana ya tsayar da hankalin mutane a kansa. A shekarun 1980 kuma, a ƙasar Holan, Harry Biemans da Maria Aarts, waɗanda ke aiki da yaran da suka gagari iyayensu, suka ɗora aikinsu a kan binciken Farfesa Colwyn Trevarthen na Jami'ar Edinbara, wanda ya shafe shekaru yana nazarin faifan uwa da jariri daƙiƙa bayan daƙiƙa. Su abin da suke nema a faifai shi ne lokacin da hulɗa ta yi kyau, ko da na daƙiƙa biyar ne, su nuna wa mutum shi, su tambaye shi me ya yi har hakan ta faru. Wannan hanya ta bazu zuwa Birtaniya a shekarun 1990. Hujjar amfanin bidiyo ta fi ƙarfi a aikin iyaye da ƙananan yara da kuma maganin tsoron shiga mutane, don haka mai ɗaukar ta zuwa rukunin samari sai ya tafi a hankali yana auna sakamako da kansa.

Me ya sa take aiki? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaron da aka shekara biyar ana ce masa ya cika tsiwa ya daɗe da toshe kunne, kalmar ba ta nuna masa takamaiman abin da zai canza. Amma in ya ga kansa a allo, ya ga kafaɗarsa ta ɗaga, ya ga ya turo ƙirji tun abokin maganarsa bai rufe baki ba, ya sami abin kamawa. Akwai kuma abin da masanin halayyar yara Kenneth Dodge ya nuna tun 1980, cewa yara masu saurin faɗa suna fassara abin da bai fito fili ba a matsayin ganganci. An taka shi a layin abinci, shi a wurinsa raini ne. Faifai yana ba shi damar sake kallon fuskar wanda ya taka shi a lokacin da jininsa ya sauka, ya ga ashe waccan fuskar firgita ce a kanta. Wa'azin awa guda ba zai yi masa wannan ba. Gani ya kori ji.

Sai dai ba kowane yaro ake sa wa a gaban kyamara ba, kuma a nan ne ake yawan yin ganganci. Yaron da wiwi ko ƙwayar ais suka taɓa wa ƙwaƙwalwa har yake zargin ana bibiyarsa, ko yake jin talabijin na magana da shi, kyamara tabbatar masa da zarginsa za ta yi. Wannan likita yake buƙata tukuna. Haka wanda bai wuce makon farko ko na biyu da rabuwa da tiramol ko kodin ba, jiki na ciwo, ba barci, ga gumi da zawo, a bari ya daidaita. A cire yaron da ke maganar kashe kansa, da wanda aka taɓa ɗaukar hotonsa lokacin da ake cin zarafinsa ko aka yi masa barazana da hoton tsiraici, da yarinyar da ta tsani surar jikinta har take ƙin abinci. Wanda ke da shari'a a gaban kotu kuma a yi taka-tsantsan ninki biyu, domin kalmar da ya faɗa a zaman magani tana iya zama shaida a kansa in faifan ya faɗa wani hannu.

Rukunin kada ya wuce yara 6 zuwa 8, tazarar shekarunsu kada ta haura 2 ko 3. Ɗan shekara 13 a tsakiyar 'yan 18 ko ya zama ɗan aike ko ya zama ɗan koyo. Maza daban, mata daban, kuma a rukunin mata mace ce za ta riƙe kyamara, mace za ta tace faifan. Jagorori biyu ake so, ɗaya na tafiyar da magana, ɗaya na lura da fuskoki da na'ura. Zama ɗaya a mako, minti 60 zuwa 90, na tsawon mako 10 zuwa 12, ya wadatar a zagaye guda.

Batun izini ba alfarma ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma wajabta neman yardar uba ko uwa ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan wanda bai kai shekara 18 ba. Takardar a rubuta ta da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, ta faɗi wa zai kalla, ina za a ajiye, ranar da za a goge. Bayan sa hannun uba, a nemi yardar yaron shi kaɗai, ba a gaban mahaifinsa ba, domin yaronmu ba ya cewa a'a a gaban babba. In ya ƙi, ya zauna a bayan kyamara, ya ci gaba da halartar zama, kuma kada a rage masa komai na gata saboda haka. Sau da yawa wanda ya ƙi a makon farko shi ne zai ce a ɗauke shi a mako na huɗu. Kuma a gaya wa iyaye tun farko cewa ba za a ba su faifan ba. Wani uban zai ce ai kuɗinsa ya biya, yana so ya ga abin da ɗan ke faɗa a kansa. Amsar ita ce akwai 'ya'yan wasu bakwai a cikin hoton, kuma ranar da yaran suka san iyaye na kallo, ranar zaman ya mutu.

Kayan aikin ba su da yawa. Waya guda ta cibiya wadda ba ta da layi a ciki, ba a taɓa haɗa ta da intanet ba, da maƙali mai ƙafa uku, da ƙaramin makirfo da za a ajiye a tsakiya, da kwamfutar tafi-da-gidanka ko talabijin da za a kalla. Kada ma'aikaci ya ɗauka da wayarsa ko da sau ɗaya. Wayoyin yanzu suna tura hotuna ma'ajiyar intanet da kansu ba tare da mai su ya sani ba, ga yara a gida da ke ɗaukar waya su yi wasa, ga mai gyara a kasuwa, ga masu ƙwace. A jera kujeru kamar kofaton doki, kyamara a bakin buɗaɗɗen gefen, nisan kamar mita 3, tsayinta daidai idon wanda ke zaune. In aka ɗora ta a sama tana leƙo su, sai ɗakin ya koma kamar ofishin 'yan sanda, kuma kowa zai fito a ƙanƙance. Taga ta kasance a bayan kyamara. In tana bayan yaran, inuwa kawai za a gani, fuskar baƙin mutum kuwa ita ce ta fara ɓacewa in haske ya fito ta baya. Abin da ya fi lalata faifai a wurinmu sauti ne: fankar sama da janareta da babura a titi. A kashe fanka na ɗan lokacin ɗauka, a shimfiɗa tabarma ko darduma don rage amsa-kuwwa, a ɗora makirfo a kan ƙyalle don kada ya riƙa ɗaukar bugun tebur. Matsakaicin ingancin hoto na 720 ya isa, minti 15 a haka bai kai gigabait biyu ba. A cika caji tun dare, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar magana mai nauyi.

Zama biyu na farko ba a ɗaukar aikin gaske. A bar yaran su taɓa na'urar, su ɗauki juna suna gaisuwa, su yi gwalo, su yi ta shirme, a kalla a yi dariya, a goge a gabansu. Wannan wasan yana da aiki. Kowa yana jin muryarsa baƙuwa a faifai, saboda a kullum yana jin ta ne ta cikin ƙasusuwan kansa, inda take fitowa da kauri. Fuskar ma a madubi ya saba ganinta, dama a hagu. Matashi kuwa da ma gani yake duniya duk shi take kallo. In ba a bari wannan firgicin ya wuce ba, minti goman farko na kallo zai ƙare ne a kan kunnuwansa da ƙurajen fuskarsa, ba abin da aka tara su dominsa ba.

Daga zama na uku a fara ɗauka, minti 10 zuwa 15 kawai, kuma a kan aiki takamaimai. Tsarin da Arnold Goldstein da Barry Glick suka fitar a 1987 don samari masu faɗa ya dace da kyamara sosai: jagora ya gwada yadda ake yin abu, yaro ya kwaikwaya, a ba shi bayani, ya je ya gwada a waje. Misalan a ɗauko su daga rayuwarsu. Aboki ya miƙo maka kwalba a majalisa, yaya za ka ƙi ba tare da an ce ka zama ɗan daudu ba? Ogan gareji ya zage ka a gaban kwastoma. Kishiyar uwa ta ce kai ka ɗauki kuɗin da ya ɓata. Kada a ɗauki lokacin da yaro ke ba da labarin fyaɗe ko mutuwar uwa ko laifin da ya aikata. Kowane yaro yana da ikon ɗaga hannu a tsayar da ɗauka nan take, ba tambaya, kuma jagora ya nuna musu da gaske ne tun ranar farko da wani ya gwada.

Aikin gaske bayan an tashi yake. Tace minti 10 yana cin awa guda, wani lokaci fiye, kuma cibiyar da ba za ta ware wa ma'aikaci wannan awar ba gara ta haƙura da dabarar gaba ɗaya. Ana neman guntaye 3, kowanne daƙiƙa 20 zuwa 60. Abin nema ƙanana ne ƙwarai: inda ya jira wani ya gama magana, inda ya gyaɗa kai, inda ya buɗe baki zai yi zagi ya haɗiye, inda ya matsa wa wani ya zauna. A yaron da kowa ya sallama, waɗannan daƙiƙun suna nan, sai dai ba wanda ya taɓa tsayawa ya gan su, har shi kansa. A riƙe littafi ana rubuta wanda aka nuna a kowane mako, don kada masu baki su cinye allon, shiru-shirun su tashi a tutar babu. Cikin mako biyu kowa ya fito sau ɗaya aƙalla.

A nan sai an yi hattara da littattafan Turawa. A ma'auninsu, kallon mutum cikin ido alamar saurare ce. A wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya yi, wanda ya tsare malami da ido kuwa shi ake cewa idonsa ya buɗe. Wanda ya kwafo ma'aunin yadda yake zai hukunta mai kunya ya yaba wa mai tsaurin ido. A duba wasu alamun: ya juyo da jiki wajen mai magana? Hannunsa ya daina wasa da carbi ko bakin riga? Ya ce "haka ne" ko "na'am" a inda ya dace? Tsakanin sa'o'i kuma kallon ido yana da nasa matsayin, don haka a bambanta yadda yake da jagora da yadda yake da abokai.

Kafin a nuna guntun yaro a gaban rukuni, a nuna masa shi kaɗai, minti biyar kafin zama ya isa, kuma in ya ce kada a nuna, ba a nunawa. Akwai shiri na matakai uku da Allison Harvey da David Clark da abokan aikinsu suka gwada a shekarar 2000 a kan masu fargabar magana a gaban mutane, suka ga yana ƙara wa kallon amfani. Mutum ya fara faɗin dalla-dalla abin da yake zaton zai gani, ya rufe ido ya hasko kansa, sannan ya kalli faifan kamar wani baƙo yake kallo. Da samari ana iya cewa ya ba kansa maki daga 0 zuwa 10 kafin kallo: rawar murya nawa, in-ina nawa, kamar wawa nawa? Bayan kallo ya sake ba da maki. Yaron da ya ce 9 ya dawo ya ce 4, wannan tazarar ita ce maganin, kuma shi ya gano ta da kansa.

A gaban rukuni, mai hoton ne ke fara magana, sannan sauran, jagora a ƙarshe. Ga yadda takan kasance. An kunna guntun daƙiƙa 25 na wasan kwaikwayon gareji, an tsayar daidai inda yaron ya dunƙule hannu sannan ya sake shi. Jagora ya ce, "Me ka gani a nan?" Yaron ya ce, "Ba komai, Malam, tsayawa kawai na yi kamar gunki." Jagora ba zai yi gardama ba, sai ya mayar da faifan baya ya ce, "Kalli hannunka na dama." Shiru. Can wani daga gefe ya ce, "Wallahi baaba da jiya ne da ka kai masa naushi." Sai jagora ya tambaya, "Tsakanin dunƙulewa da sakewa, me ka ce wa kanka?" Amsar da ta fito, ko da "cewa na yi ba girmana ba ne" ce, ita za a rubuta a allo da kalmominsa, ita ce kuma aikin gidansa na makon. Tambayar "me ya sa" a guje ta, tana sa yaro kare kai. "Me ka gani", "me ka yi kafin nan", "me ya faru a fuskar wancan bayan ka yi haka", su ne ke buɗe baki. Dokar masu sharhi biyu ce: a faɗi abin da ido ya gani, kuma ba a taɓa halitta, ba maganar hanci ko haƙori ko tsawo ko in-ina. Wanda ya karya, a tsayar da faifan, a tuna dokar, a ci gaba. Kallo duka kada ya wuce minti 20.

Guntun da ke nuna kuskure fa? Yana da wuri, amma ba kafin mako na biyar ko na shida ba, sai yaron ya ga kansa da kyau sau uku ko huɗu, kuma shi ne zai zaɓa. Ko a lokacin, a tsayar da hoton kafin fashewar, a daidai inda alamun suka fara: numfashi ya canza, ƙafa ta fara rawa, murya ta hau. A tambaye shi ina ne mararrabar da zai iya juyawa. Sannan nan take a sake wasan, a ɗauka, ya tafi gida da hoton nasara a kansa.

Akwai haɗarin da ya fi duk waɗannan ɓoyuwa, kuma bidiyo ne ma ya tona shi. Thomas Dishion da abokan aikinsa a jihar Oregon sun ɗauki hirar samari da abokansu, suka ga cewa inda aboki ke dariya duk lokacin da aka yi maganar karya doka, yaran nan sun fi zurfafa a shaye-shaye da laifi a shekarun da suka biyo. A 1999 shi da Joan McCord da François Poulin suka wallafa gargaɗin cewa tara kangararrun yara wuri guda yana iya ƙara musu lalacewa. Kowa ya san wannan a unguwa, zama da maɗaukin kanwa. To kyamara tana ninka shi, domin ta ba mai bajinta dandali. Zai ba da labarin yadda ya tsere wa 'yan sintiri, ɗaki ya ɗauki shewa, in kuma aka sake kunna wannan a mako mai zuwa an naɗa masa rawani ke nan. Irin wannan guntun ba ya komawa allo ko kusa. Amma jagorori su biyu su kalle shi a keɓe, su ƙirga sau nawa aka yi dariyar, wa ke farawa, wa ke kallon wa kafin ya yi. Sau da yawa za su tarar jagoran ma ya murmusa. In shewar ta fi ƙarfin zaman, a raba manyan masu tayar da ita su biyu zuwa rukuni daban-daban, ko a shigo da yaro ɗaya ko biyu da suka yi nisa a gyaruwa cikin rukunin.

Ga yaron da ko sau ɗaya bai iya yin abin daidai daga farko zuwa ƙarshe ba, akwai dabarar da Peter Dowrick ya yi fice da ita tun shekarun 1970. A ɗauke shi sau da yawa ana taimaka masa, a yanke taimakon da tuntuɓen, a haɗa guntayen su zama minti 2 da ke nuna shi yana ƙin karɓar kwalba cikin natsuwa. A gaya masa gaskiya cewa haɗawa aka yi, hoton gobensa ne. Ya kalla sau biyar ko shida cikin mako biyu, a na'urar cibiya. Ba a tura masa a waya, komai roƙonsa.

Don a san ko ana ci gaba, a zaɓi abu ɗaya ga kowane yaro da za a iya ƙirgawa, kamar sau nawa ya katse wani cikin minti 10, a ƙirga a mako na 3 da na 7 da na 11. A haɗa da abin da ke faruwa a waje, faɗa nawa a ɗakin kwana, kwana nawa ya je wurin koyon sana'a. Wasu yaran gwanaye ne a gaban kyamara, a waje kuwa jiya i yau. In yaro ya fara fashin zama bayan an nuna shi, ko ya daina magana, ko barcinsa ya lalace, a dakatar da ɗaukarsa a zauna da shi shi kaɗai.

Ajiya kuma, a ranar da aka ɗauka a kwashe faifan zuwa kwamfutar da ke da kalmar sirri, wadda ba ta hawa intanet, a goge na wayar har cikin kwandon shara, domin yawancin wayoyi suna riƙe abin da aka goge na kusan kwana 30. Sunan fayil lamba ce da kwanan wata, ba sunan yaro ba. Mutum biyu kaɗai ke da kalmar sirrin, kuma akwai littafin da ake sa hannu duk lokacin da aka buɗe. Wayoyin yara da na baƙi a bakin ƙofa suke tsayawa, don mai ɗaukar allo da tasa wayar ya fi ɓarawon kwamfuta sauƙin samuwa. Ba a nuna faifan ga masu ba da tallafi, ba a sa shi a Facebook ko TikTok don tallar cibiya, ko da an rufe fuska, domin unguwa tana gane ɗanta da murya da tafiya. Magana zarar bunu ce, bare hoto. Yarinyar da guntunta ya shiga WhatsApp, shekara goma nan gaba dangin mai neman aurenta za su gan shi.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya da na harkokin mata da walwalar jama'a na jihohinmu, waɗanda ke ba waɗannan cibiyoyi rajista, da su sa tambayoyi uku a takardar duba cibiya: ana ɗaukar yara a bidiyo, ina takardun izini, kuma ina littafin gogewa? A zaman ƙarshe na kowane zagaye, a tara yaran, a buɗe kwamfutar a gabansu, kowa ya ga an goge fayilolin ɗaya bayan ɗaya, jagorori biyu da wakilin yaran su sa hannu a littafin da kwanan wata.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa,
Kaduna.